Ɗauri Bakwai Zuwa Gida

Ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintuna motar ta shiga tasha. Auta ta sauko da jakar hannu ɗaya, ƙafafunta a kumbure. Shekara talatin da ɗaya rabonta da garin nan. Tun a hanya take jiran gabanta ya faɗi, ko hawaye ya zo, ko dai wani abu ya motsa a ƙirjinta. Shiru. Ta tsaya tsakanin 'yan dako da masu kiran fasinja, ƙishirwa kawai take ji.

Abin da ya kawo ta ba shi da tsawo. Baba yana kwance a asibiti a can garin da suke zaune, tafiyar awa shida daga nan. Jiya likita ya ja ta gefe ya ce abin bai wuce kwana biyu ko uku ba, in akwai wanda ya kamata ya gan shi, a kira shi. Mutum ɗaya ne ya rage, Yaya, wanda aka bari a garin nan ranar da suka tashi. Ba ta da lambarsa, ba ta da hotonsa na girma. Tun rasuwar Umma, shekara goma sha huɗu ke nan, ba wanda ya ƙara jin ɗuriyarsa. Ta bar maigidanta a bakin gadon Baba, ta ce masa da Yaya za ta dawo. Motar ƙarshe mai komawa kuwa ƙarfe huɗu take tashi.

Wani dattijon mai tasi ne ya riga sauran zuwa gabanta, gemunsa duk furfura, tabaraunsa ɗaure da zare ta gefe guda.

"Hajiya, ina muka nufa?"

"Gidan waya."

"Saƙo za ki aika?"

"A'a. Daga can zan riƙa nuna maka hanya."

Ya buɗe mata ƙofar baya, ya zagaya ya shiga. "Ki faɗa mini unguwar mana in kai ki kai tsaye. Shekarata ashirin da shida ina tuƙi a garin nan, ko ramin ɓera kika ce zan ajiye ki a bakinsa."

"Ban san sunan unguwar ba."

"Sunan layin fa?"

"Layinmu muke ce masa."

Direban ya dube ta ta madubi. Ya tada mota, amma ta ga alamar tambayar tana cin sa, don haka ta yi masa bayani a taƙaice.

Baba mai raba wasiƙu ne. Tana da shekara tara suka bar garin. Makarantarsu tana bayan gidansu, kasuwa kuma Umma ba ta zuwa da yara, don haka duk abin da Auta ta sani na garin nan daga kan keken Baba ta san shi. Kowace Asabar, da duk ranakun hutu, yakan naɗe tawul a sandar keke ya ɗora ta. Da safe sai ya tsaya gaban dogon tebur a ɗakin bayan gidan waya, ya jera wasiƙun bi da bi yadda zai bi gidajen, ya kasa su ɗauri bakwai, kowanne da robarsa. In ɗauri ya ƙare, an canza hanya. Ya tsara abinsa yadda na bakwai zai ƙare a ƙofar gidansu daidai lokacin abincin rana. Ba ta taɓa komawa gida daga cikin gari ta wata hanya ba.

Direban ya saki dariya har da dukan sitiyari. "Ikon Allah! 'Yar mai raba wasiƙa, ba ta san adireshin gidansu ba!"

"Ba wanda ya taɓa rubuta mana adireshi," ta ce. "In tamu ce, a ofis ake miƙa wa Baba."

Ya tsaya gaban wani dogon gini mai gilasai, mutane na shige da fice. Auta ta leƙa ta taga. Ba ta gane komai ba. To amma kowa ya gaya mata garin ya canza, maigidanta ma sai da ya ce kar ta sa rai za ta ga abin da ta bari. Ta gyara zama.

"Ɗauri na farko. Hagu daga ƙofa, ka wuce layi biyu, ka shiga na uku, hannun dama."

Suka tafi. Tana faɗin hanya, tana faɗin abin da ya kamata a gani, da murya irin ta mai karanta takardar magani. Nan shagon mai gyaran agogo yake, wanda yakan maƙala mata gilashinsa a ido ta ga cikin agogo yana numfashi. Can gaba Gidan Kare Uku, inda Baba yake cewa ta ɗage ƙafafunta sama, shi kuma ya taka feda da ƙarfi suna ihu suna dariya. Sai gidan burodi, inda ake ba ta gefen da ya ƙone tun da zafinsa. Sai Gidan Ba-ya-nan, da duk wanda aka tambaya a ce ba ya nan. Sai matar soja, wadda kullum take tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwan sanyi, Baba yakan girgiza mata kai tun daga nesa don kar ta sa rai, amma duk da haka sai sun sha ruwan.

"Nan dai tun da na san garin nan masu sayar da taya ne," in ji direban.

"An canza."

"To."

Ta ga hotunan a cikin kanta tar, har kalar kofin matar sojan. Sai dai kamar labarin wata yarinya ce daban aka ba ta riƙo. Shekara biyu ke nan tana juya Baba a kan gado, tana masa wanka, tana ba shi abinci a cokali, ta tafi makaranta ta koyar ta dawo ta ci gaba. A cikin shekaru biyun nan wani abu ya kashe kansa a jikinta kamar fitila, ba ta ma san ranar ba.

A ɗauri na uku aka ce a hau tudu, ba tudu. A na huɗu ya kamata su tsallaka layin dogo, sai suka tsallaka kwalbati. A na biyar titin ya ƙare a jikin katangar wata masana'anta, da mai gadi zaune a inuwa yana kallonsu. Direban ya kashe mota. Ƙarfe ɗaya saura kwata.

Wayarta ta yi ƙara, maigidanta ne.

"Yana nan," ya ce tun ba ta tambaya ba. "Ya sha ruwa cokali biyu. Kin same shi?"

"Saura kaɗan."

Ta ajiye wayar a cinya. Direban ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Hajiya, shago yana canzawa, gida yana canzawa. Amma tudu ba ya tashi ya bar gari. Ko dai kin manta ne?"

"Ban manta ba. Daga matakalar gidan waya zuwa ƙofarmu, ko idona a rufe."

"Wace matakala?"

"Ta bakin ƙofa. Guda biyar. Baba yana ɗaga keken a kafaɗa ya sauko da shi."

Ya juyo gaba ɗaya ya dube ta. "Wanda na kai ki ba shi da matakala ko ɗaya. Yaushe kika ce kun bar garin?"

"Shekara talatin da ɗaya."

"Wayyo ni! Ai wancan ginin bai cika ashirin ba! Tsohon yana can ƙasan gari, kusa da tasha ma. Ni da ramin ɓerana!" Ya murɗa makulli, motar ta yi tari ta tashi. "Ke ma Hajiya, kin ga gini ba ki gane shi ba, ba sai ki yi magana ba?"

"An ce mini komai ya canza."

"To ba komai ba."

Tsohon gidan wayan yanzu katifu da kujeru ake sayarwa a ciki. An yi masa koren fenti, an jingina katifu a baranda. Amma ga matakala biyar ɗin nan, ta uku da ɓallin nan a gefe. A jikin bango bakin ƙarfen da ake jefa wasiƙa yana nan, fenti ya liƙe shi. Auta ta dube shi ta taga, ta dubi agogon hannunta. Ɗaya da ashirin.

"Hagu," ta ce.

Wannan karon titin ya amsa mata. Layi biyu, na uku dama. Shagon mai agogo ya zama na sayar da wayoyi, amma 'yar siririyar ƙofar ita ce. Gidan Kare Uku ya zama bene. Gidan burodi yana nan da ransa, ƙamshin ya shigo har cikin mota, direban ya ce, "Ah to, yanzu muka ji magana."

A ƙarshen ɗauri na farko ta ce ya shiga hagu. Ya taka birki. Hagun wani lungu ne tsakanin katangar ɗakin shan magani da bayan wani sito, faɗinsa bai wuce mutum biyu su gifta juna ba.

"Nan?"

"Nan."

"Hajiya, ai babanki keke gare shi."

Sai a lokacin abin ya faɗo mata. Hanyar da take ɗauke da ita a ka shekara talatin da ɗaya hanyar keke ce, ta lunguna da gadar ƙafa da bayan gidaje. Ta buɗe ƙofa ta fita.

"Tsaya mana! Ki faɗa mini abin da ke ƙarshen lungun, in zagaya mu haɗu."

"In na tsallake ɗauri ɗaya, sauran sun ɓace mini."

Ya dubi lungun, ya dubi kumburarrun ƙafafunta. Ya matsar da motar jikin katanga, ya kulle, ya biyo ta yana ɗingishi. "Ni kam sai na ga inda za a kai wasiƙar nan. In na koma gida ban ga ƙarshe ba, uwargida ba za ta bar ni in yi barci ba."

Suka ratsa lungun, suka ɓulla wani layi mai itatuwa. Suka hau tudun, wanda yake nan inda aka bar shi. Auta tana gaba, ba ta kallon gefe, leɓɓanta suna motsi. A ɗauri na uku suka bi wani dogon layi har ƙarshe, ta tsallaka titi, ta juyo ta kama dawowa ta ɗaya gefen.

"Hajiya! Nan fa muka wuce yanzu!"

"Haka ake yi. Ana hawa ta hagu, a sauko ta dama."

"Ai mu ba wasiƙa muke rabawa ba! Gwiwata ba ta gwamnati ba ce!"

Ta tsaya ta dube shi. Gaskiyarsa. Minti goma sha biyar suka zubar a banza. Ta ce ya yi haƙuri, daga nan in ta tuna layi na hawa da sauka ne za ta tsallake. Ya saya musu ruwa a wani kanti, suka sha a tsaye, suka ci gaba. Suka tsallaka layin dogo. Ƙarfe biyu da kwata suka iso gadar ƙafa da ke kan babban magudanar ruwa, nan ne ƙarshen ɗauri na biyar.

"Wai shi yayan naki," in ji direban yana haki, "me ya zaunar da shi nan ku kuka tafi?"

Ba ta yi niyyar faɗa ba, amma suna kan gadar, sai ta faɗa.

Baba ya faɗi da keke ya targaɗe ƙafa. Don kar a ba wani hanyarsa, sai ya riƙa lallaɓawa ofis ya jera wasiƙu, Yaya ya karɓi jakar a bayan gini ya je ya raba. Shekarar Yaya goma sha takwas. Kwana biyar abin yana tafiya daidai. A na shida ya ga abokansa suna ƙwallo, ya jingina keke ya ce minti goma. Ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya, su kuwa ba su daina ba. Da ya dawo, jakar a buɗe take, tawada ta gudu, ambulan sun manne da juna, ba a karanta ko suna ɗaya. Tsoro ya kama shi. Ya zo kan gadar nan ya juye su duka a ruwa, ya koma gida ya ce an raba. Sati uku asiri ya tonu. Akwai takardar kiran aiki ta wani a ciki, akwai sakamakon jarrabawa, akwai kuma wasiƙar da matar soja ta shekara tana jira. Aka rage wa Baba muƙami, aka tura shi can nesa. Ranar tafiya ya kai Yaya wurin mai gyaran keke na bakin layinsu, ya ce ga shi nan, ya juyo ya hau motar kaya. Umma ta yi kuka har muryarta ta dishe. Auta tana saman katifa a bayan mota, tana ɗaga wa Yaya hannu, a zatonta gobe zai biyo su.

Direban ya leƙa ruwan da ke ƙasa, baƙi, cike da ledoji. "Allah Sarki," ya ce. Bai ƙara tsokanarta ba har suka gama ɗauri na shida.

Na bakwai gajere ne. Bayan makaranta, famfon unguwa, sai layinsu. Ya ƙanƙance. A da tana ganin sai an yi gudu kafin a kai ƙarshensa, yanzu taku arba'in ne. Gidansu yana nan, an sa masa ƙofar ƙarfe, wata mata da ba ta sani ba tana shanya a ciki. Auta ba ta ko tsaya ba. Idonta yana kan rumfar bakin layi, inda mai gyaran keke yake a da. Yanzu babura ne a jere. Wani mutum yana tsugune gaban ɗaya, ya ba su baya. Sanƙo ne da shi, da kunnuwa manya masu buɗewa. Ƙeyar Baba ce sak.

Ta yi sallama. Ya amsa bai juyo ba. "In faci ne sai an jira, ina da aiki a hannu."

"Yaya."

Sifana ta tsaya a hannunsa. Ya juyo a hankali, ya daɗe yana kallonta daga tsugune.

"Wannan fuskar Umma ce," ya ce. "Kan-sarki, ke ce?"

Haka yake kiranta tun tana ƙarama, wai ta manne wa Baba kamar kan sarki a jikin ambulan. Shekara talatin da ɗaya ba ta ji sunan a bakin kowa ba.

"Ni ce."

"Kin yi ƙiba."

"Kai kuma gashin ya gudu."

"Gado ne." Ya jawo benci da ƙafa. "Zauna. Wannan fa, mijin ne?"

"Allah ya kiyaye," in ji direban. "Ni mai tasi ne. Da, kafin a mai da ni mai tafiyar ƙasa."

Ta zauna, ta gaya masa. Asibiti, likita, kwana biyu ko uku, motar ƙarfe huɗu. Agogonta ya nuna uku saura minti biyar. Yaya ya saurara har ta gama, sannan ya koma kan babur ɗin ya ci gaba da ɗaure noti.

"Shi ya ce in zo?"

Direban yana tsaye bayan Yaya yana gyaɗa mata kai da ƙarfi, yana zaro ido. Kalma ɗaya ce, ta ce e, shi ke nan. Ta nemi ƙarfin yin ƙaryar ta rasa.

"Bai ce ba. Ba ya gane mutane sosai yanzu. Wani lokaci in ya farka sai ya ce rana ta yi, yaron nan bai dawo daga rabo ba, a ajiye masa abincinsa. Wani lokaci kuma ya ce a ɓoye jakar, kar ka ɗauka."

Yaya ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Wanne ya fi yawa?"

"Na jakar."

Direban ya dafe kai ya juya baya.

"Kin ga rumfar nan?" Yaya ya ce, idonsa a kan aikin. "Maigidana ya rasu ya bar mini ita. An yi mini tayin shago a bakin babban titi har sau biyu, na ƙi. Matata ta ce ba ni da hankali. Ban matsa ko taku ɗaya daga inda ya ajiye ni ba, don kar wata rana a zo nema a rasa ni. Mutumin da aikinsa kai wa mutane wasiƙa, ko layi ɗaya bai rubuto mini ba. Umma ce take aiko saƙo a ɓoye ta hannun maƙwabciya. Rasuwarta ma a bakin wani direban babbar mota na ji, bayan wata shida."

"Gaskiya ne."

"Ke ma kin girma kin yi karatu. Kin san hanya."

"Ni ma. Gaskiya ne."

Ya jira ta kare kanta, ba ta kare ba. Ya jira ta roƙe shi, ba ta roƙa ba. Ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafarta.

"Ba zan je ba," ya ce. "Mai babur ɗin nan ƙarfe huɗu zai zo."

"To."

Ta juya ga direban ta ce ko zai taimaka ya ɗauko motar, ita kam ƙafarta ta gama. Ya ce ai sai dai su yi ban kwana da motar ƙarfe huɗu, awa ɗaya da rabi suka yi a ƙasa, shi kuma ba yaro ba ne.

"Ina kuka bar ta?" Yaya ya tambaya.

"Bayan ɗakin shan magani, kusa da tsohon gidan waya."

Yaya ya ɗago kai. Ya nuna da sifana. "Bi nan, ka wuce famfo, ka karya dama. Minti biyar ne."

"Minti nawa?"

"Biyar. In kana sauri huɗu." Ya dubi Auta. "Kar dai ki ce mini hanyar rabo kuka biyo? Ɗauri bakwai?"

"Ita na sani."

"Har da tudu?"

"Har da hawa ta hagu a sauko ta dama!" in ji direban. Ya tafi yana ɗingishi yana magana shi kaɗai, yana kiran gwiwarsa da sunaye masu daɗi.

Suka rage su biyu. Wani yaro ya wuce da gudu yana gara taya. Yaya ya mai da murfin inji, ya ɗaure noti huɗu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa yake jinyarsa?"

"Ni."

"Ke da wa?"

"Ni. Maigidana yana taimakawa in ya dawo aiki. Shekara biyu." Ta mai da takalmin. Muryarta ba ta hau ba, ba ta sauka ba. "Yaya, ina jin ba don shi na zo ba ma. Shi ba zai san ka zo ko ba ka zo ba. Lokacin Umma ni kaɗai ce a ɗakin. Ni na rufe mata ido, ni na fita na gaya wa Baba. Ba na so in sake tsayawa ni kaɗai. Shi ke nan."

Yaya ya miƙe, ya taka babur ɗin, ya tashi a bugu na biyu. Ya saurari ƙarar injin da kai a karkace, ya murɗa wani abu kaɗan, ya sake saurara, ya kashe.

Tasi ta shigo layin tana hon ƙarfe uku da rabi. Auta ta tashi, ta ɗauki jakarta, ta ce, "Sai wata rana, Yaya." Ta shiga baya ta rufe ƙofa. Direban ya ƙi tada motar. Ya cire tabarau yana gogewa, ya mai da, ya sake cirewa.

"Malam, mu je."

"Injin ya yi zafi, Hajiya. Bari ya sha iska."

Ta taga ta ga Yaya ya tsuguna gaban bokiti yana wanke hannu da garin sabulu, har gwiwar hannu, a nutse. Ya kwashe kayan aiki ya zuba a akwati ya kulle. Ya kira mai kantin da ke kusa, ya ba shi makullin babur, ya ce in mai shi ya zo a ba shi, a kuma leƙa gida a gaya wa maman yara ya yi tafiya, zai kira. Ya ciro wata riga daga ƙusa ya ɗora kan ta aikin. Ya buɗe gaban mota ya zauna.

"Injin ya huce," in ji direban.

Minti bakwai suka yi zuwa tasha. Motar ta kusa cika, kujeru biyu suka samu a can baya, kusa da buhunan wani ɗan kasuwa. Direban tasi ya tsaya a bakin taga sai da ya ga sun zauna, ya ce Allah ya ba mai jiki sauƙi, ya ce wa Auta in ta sake zuwa garin don Allah ta nemi wani direban.

Ƙarfe huɗu da minti goma motar ta fita daga tasha. Auta ta kira maigidanta.

"Muna hanya. Mu biyu."

"Alhamdu lillahi. Yana nan, yana numfashi. Ba shi wayar, bari in kara wa Baba a kunne."

Ta miƙa wa Yaya. Ya dubi wayar kamar za ta ƙone shi, sannan ya karɓa da hannu biyu. Har yanzu akwai baƙin mai a ƙarƙashin faratansa. Ya kara a kunne. Daga inda take zaune tana jiyo numfashin, mai ja, mai tsayawa, mai dawowa. Yaya ya buɗe baki ya rufe. Motar ta wuce shataletale, ta wuce gidan mai, ta hau babban titi.

"Baba," ya ce. "Sannu da jiki."

Ya ƙara saurara na ɗan lokaci, ya miƙo mata wayar.

"Bai ce komai ba."

"Ba ya cewa."

"Zai gane ni?"

"Ban sani ba. Ni ma jiya ya zaci malamar asibiti ce ni."

Yaya ya gyaɗa kai. Ya gyara buhun da ke tokare masa gwiwa, ya tambaye ta awa nawa ta ce tafiyar. Ta ce shida, in hanya ta yi kyau.